Takardar da Tela ya ƙi sa wa hannu

Labarin da ya zagaye dangi shi ne, wai 'yar Gwaggo ta shekara huɗu a jami'a tana koyon tonon kabari. Wai a jakarta akwai ƙoƙon kan wani mutumin zamanin da, kuma kullum da safe sai ta gaishe shi kafin ta gaida uwarta. Wanda ya ƙago labarin ba kowa ba ne illa Tela, ɗan kawunta kuma taubashinta. Da ƙoƙo ɗaya ya fara, kafin wata ya ƙare ya kai su goma sha biyu.

Gaskiyar magana, ko haƙori babu a jakar. Littafi ne mai baƙin bango, da biro uku, da cajar waya. Nazarin ɗan Adam take karantawa: yadda mutane ke zama, da yadda suke magana, da abin da suke yi in sun ɗauka ba mai kallonsu. Aikinta na shekarar ƙarshe shi ne ta zauna wurin mai sana'a ta rubuta abin da ta gani, ita kuwa ta zaɓi shagon Tela. Mako shida ta yi a kan bencinsa, tsakanin buhun ƙyallaye da dutsen guga. Yau da takarda ɗaya ta zo. In bai sa hannu ya amince a yi amfani da abin da ta rubuta ba kafin ƙarfe huɗu, aikin ya tashi a banza, sai baɗi.

Yana kan keken ɗinki, bakinsa cike da allurai, ya ga inuwarta a ƙofa.

"Ina gajiya, mai tonon kabari? Yau kan wa aka sako mana a jaka?"

"Ba gajiya, Almakashi. Naka na zo ɗauka. Malaminmu ya ce bai taɓa ganin kan da ba a yi amfani da shi ba."

"Wannan kan? Da shi na ɗinka wa wani mutum riga, saboda tsawonsa sai da aka aro tsani kafin na auna kafaɗarsa."

"Makon jiya ka ce kujera ka taka."

"Mutumin ya ƙara tsawo."

Ta ajiye takardar a kan teburin yanka, ta ɗora biro. "Sa hannu a nan."

Tela ya tofar da alluran a tafin hannunsa. Ya duba agogon bango, ƙarfe biyu da rabi, ya gyara zama irin na wanda aka zo nema.

"Ni ba na yanka yadin da ban auna ba. Karanto mini sharrin da kika yi mini."

Ta buɗe littafin. "A mako na farko, tela ya ce wa masu kaya 'gobe' sau arba'in da bakwai."

"Ƙazafi. Ran Laraba jibi nake cewa."

"Yana zuwa gaisuwar mutuwa da tef ɗin awo a wuya."

"Mantuwa ce. Kuma an samu wanda ya nemi awo a wurin."

"Idan mai kaya ya shigo da faɗa, yakan zaro yadin mutumin daga ƙasan tari ya yafa a kafaɗa, kamar dama shi yake shirin yankawa."

"Wannan sirrin sana'a ne. Yanzu iyayenki don wannan suka kai ki jami'a? Gulma ce fa aka sa wa bango. Da kin zauna gindin Gwaggo, a wata uku kin gama, har ki koya wa malaminku."

Ta juya shafi, muryarta ta sauka.

"Wani tsohon direba mai gemu ya kawo wando sau uku a gyara masa. Kowane zuwa tela yakan zagaya masa tef a ƙugu, ya ce da ƙarfi, 'Talatin da takwas kamar kullum, Baba, ka rage cin daɗi.' Bayan ya fita sai tela ya sunkuya ya rubuta da alli a ƙarƙashin teburi. Talatin da biyar. Talatin da huɗu. Talatin da biyu."

Ƙafar Tela ta tsaya a kan keken. Ya ɗauki almakashi, ya sake ajiyewa.

"Wa ya aike ki ƙarƙashin teburina?"

"Ai shi ne karatun."

"To ba zan sa hannu ba." Wannan karon babu wasa a ciki. "Baba ya san ciwon na cin sa, ni ma na san ya sani. A gida kowa kallon tausayi yake masa. Nan ne kawai yake shigowa a ce masa ya yi ƙiba, ya fita yana zagina yana dariya. 'Yarsa ta fari a makarantarku take. So kike ta buɗe littafi ta ga ƙugun ubanta?"

Ta kalli shafin.

"Malamin da ke duba aikina ya ce wannan shafin shi ne aikin, sauran duk ciko ne," ta ce. Sannan ta kama gefen shafin da yatsu biyu. "Amma da gaskiyarka."

Tela ya ji shafin littafin ya fara yagewa. Ya ga idonta ya yi ja, irin jan da yake yi tun suna yara in an ƙwace mata abu ta ƙi yin kuka. Ya miƙa doguwar rularsa ya danne shafin.

"Ke komai sai yanka? Shi ya sa ba a ba 'yan boko almakashi. Ba ku iya gyara ba?"

"Wane irin gyara?"

"Mai da shi kafinta. Aske masa gemun, ƙara masa tsawo, wandon ya koma riga. Lambobin ma sauya su, ki bar ramar kawai."

"An yarda a sauya suna da sana'a. Sunan na riga na cire, na ɗauka ya isa."

"A unguwar nan direba nawa ne ya rame? Shekara huɗu, kuma sai tela ya koya miki."

Nan ta zauna kan bencin ta gyara, yana tsaye a kanta yana ba da umarni. Sai da tsohon direba ya koma dogon kafinta mai sanƙo, wanda ko matarsa ba za ta gane shi ba. Tela ya sa ta karanta sau biyu. Sannan ya karɓi biron, ya hura masa iska, ya zana sa hannun da ya cinye layinsa, ya haura layin malami, ya gangara har kusa da tambarin jami'a. Agogo ya nuna uku da kwata.

"Ga shi. Kuma ki tabbata kin rubuta sunana da na shagona da manyan baƙaƙe, da lambar waya."

"Kai ma an ɓoye sunanka."

"Me kika sa mini? Gwanin gwanaye?"

Ta ninke takardar, ta sa a jaka, ta ja zif, ta kai bakin ƙofa tukuna.

"Ma'aikaci na Biyu."

"Na biyu? Ni kaɗai ne a shagon nan. Wane ne na ɗaya?"

"Keken. Mako shida ina zaune, shi kaɗai na ga yana aiki ba ya surutun tsani."