Gabi da Safo a Hannuna Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadin da na buɗe gasar gem ta farko a Madarunfa, kuma har gobe in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwa sai na sunkuyar da kai.

Na dawo daga Yamai da digiri da tele biyu, amma ba ni da aboki ko ɗaya. Tsarata sun yi aure, hirar fada duk ta taki ce da farashin wake, ni kuwa in na buɗe baki sai a yi shiru a ci gaba da shan shayi. Kaɗaici ya ishe ni. Sai na ƙudurta zan kafa gasar ƙwallon gem, wadda ake bugawa a tele, irin wadda nake gani a intanet: kowane gari da kujerarsa ta dindindin, kowace kujera da attajirin da ya mallake ta, ya zuba 'yan wasansa, ko an ci su kullum ba mai korarsu daga gasa. Madarunfa, Ɗan Issa, Safo, Gabi. Na naɗa kaina shugaba (ba wanda ya nemi kujerar, don haka na ci zaɓe ba hamayya).

Komai ya rataya ne a kan Alhaji Idi, mai motocin kaya a Ɗan Issa, aminin Babana. In ya karɓi kujerar garinsu sauran alhazai za su biyo, in ya ƙi kuwa magana ta mutu. Sau uku ina zuwa gareji ina yi masa bayani. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗana, ni ban gane wasan da mutum ka yi zaune ba. Amma in taho in gani. In na iske jama'a, na shiga."

Na sa rana, na kama ɗakin taro, na ɗauko hayar kujeru da lasifika, na sa mai shela ya zagaya. Abu ɗaya ne ban duba ba: sama. Wata guda mutane suna ɗaga kai suna jiran ruwan shuka, ni kuma idona na kan tele.

Asubahin Lahadin aka sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya. Da na fito na tarar Baba yana gyara ƙotar sungumi, ga ƙwaryar iri a gefe. Ya dube ni, ya dubi rigata da ta sha guga, ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na yi kamar ban san shuka aikin mutum biyu ba ce, ɗaya na sara ɗaya na bi yana zuba iri yana binnewa da ƙafa. Na ce masa ina da taro.

Ƙarfe tara ba kowa. Ƙarfe goma na kira kaftin ɗin Safo, ina jin kukan jaki a bayansa. "Shugaba, wane irin wasa? Muna gona! Ka bari sai an gama." Na Gabi ko ɗauka bai yi ba. Na zauna ni da kujeru jere reras, na ji tausayin kaina har ƙwalla ta taru.

Nan shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce kada masu wucewa su ji shiru su kai labari. Na tura ƙofa, na ƙure ihun 'yan kallo na cikin gem ɗin, na riƙe manet, abin sarrafa 'yan wasa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na jingina makirufo da haɓa. "Jama'a Gabi ta taso! Safo ta tare! A zauna a zauna, kowa zai gani!" (Wallahi har faɗa na raba tsakanin magoya baya.) Abin kunyar shi ne daɗi na fara ji.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a tsaye bayana ba. Gyaran murya kawai na ji. Na waiga, ga Alhaji Idi da direbansa, babbar riga ta sha taɓo a ƙasa. Ihun dubban mutane na tashi, mu uku ne a ɗakin.

"Wa ka cin wani?" in ji shi.

Na ce, "Gabi ce, Baba Alhaji. Biyu da ɗaya."

"Duka kai ne?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya dubi kujerun nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Yanzu na biyo ta gonarku. Na ga tsohonka, shi ka sara, shi ka komowa shi zuba iri shi binne. Shi ma mutum biyu ne yau. Barewa dai ba ta gudu ɗanta shi yi rarrafe."

Ya juya ya fita, direban na danne dariya. Bai karɓi kujerar ba, sauran alhazan ma ba wanda ya ƙara ɗaukar wayata.

Ban ko kashe tele ba na nufi gona da takalmin taro. Baba bai tambaye ni yadda aka tashi ba. Ƙwaryar kawai ya miƙo mini ya ce, "Uku-huɗu za ka riƙa sakawa, ba dunƙule ba." Na bi bayansa har la'asar.

Tun daga ranar, in zan tara jama'a sai na fara tambayar tsoho ko hadari ya kusa. Gabi dai har yau ita ke riƙe da kofi, da hannun hagu na ci mata.