Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Fari a Filin Jirgi

Ko haƙorana za su zube duka, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zubar da kunyar da na yi shekara da shekaru ina tarawa. Ni fa a unguwar Zango da ni ake misali. Ɗana na fari, tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta shi ba. "Wancan" nake cewa, in ta matsa in ce "yaron Hajiya", don kakarsa ce ta raine shi a Gidimuni. Ko ranar da aka kawo min albishir ya zo na ɗaya a lakwal, wato makarantar boko, tambaya na yi ko an ba awaki ruwa. (Na shiga ɗaki na taka rawa, amma wannan tsakanina da bango ne.)

To wancan ɗin ya zama matuƙin jirgin sama, har ya kai kumandan. Damuwarmu ɗaya ce. Yana son Falmata, 'yar Alhaji Mamman mai shagon yadi, Alhaji kuwa ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Wai yaran zamani masu tuƙi, daga ɗan kabu-kabu har mai jirgi, duk rawar kai gare su, shi ba zai sa 'yarsa ta yi takaba da ƙuruciyarta ba.

Da aka ce wancan ne zai tuƙo jirgi daga Yamai zuwa Damagaram, Yagana ƙanwar mijina ta lallaɓi Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Ni na ce ba inda za ni. (Na riga kowa shiga mota, wai rakiya.)

Farkon damina ne, hadari ya haɗo daga gabas. Muna tsaye bayan wayar shingen filin jirgi, na juya gefe ina yaba takalmin Yagana kamar shi ya kawo ni. Ta wutsiyar ido na ga jirgin yana saukowa, tayoyi sun fito, saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Sai fiffike ɗaya ya karkata, inji ya yi wani irin ruri, jirgi ya sake cilla kai sama.

Jama'a, ban san lokacin da na isa jikin wayar ba. Ɗankwalina ya yi nasa wuri. Na cakumi rigar wani jandarma ina ihu: "Ku sauko min da ɗana! Wayyo ni, ku taimake shi!" Sannan na ɗaga kai na ƙwala wa jirgin kira da sunan yanka, ɗungurungum, har na haɗa da na ubansa, wanda shi ma tun aurenmu ban taɓa faɗa ba. Ba sau ɗaya ba kuma.

Yagana ta janyo ni tana cewa, "Matar Yaya, a gaban surukai!" Na waiga, ga Alhaji Mamman yana kallona, carbi ya tsaya cak a hannunsa. Na ce shi ke nan, ɗa bai iya sauka ba, uwa ba ta da kunya, aure ya ruguje.

Jirgin ya yi ta kewaye har iskar ta lafa, sannan ya dawo ya sauka lafiya lau, kamar an aje tiren shayi. Fasinjoji suka fito suna hamdala, wata tsohuwa har da guɗa, tana tambaya a nuna mata uwar da ta haifi direban nan. Kowa ya nuna ni, ba ɗankwali.

Da wancan ya fito cikin farar rigarsa, ya durƙusa gaban Alhaji. Alhaji ya ce, "Me ya hana ka sauka tun farko, ga mutane sun zuba maka ido?"

Ya ce, "Baba, iska ce ta bugo ta gefe. Ƙa'idar aikinmu, in sauka ba ta daidaita ba, a tashi a sake. Gara a ce ban iya ba da in gwada sa'a da rayukan mutane."

Alhaji ya ja carbi. Can ya ce, "A turo magabata." Sai ya dube ni ya ƙara da cewa, "Na kuma ga yaro yana da gata. Duk filin jirgi shaida ne."

Wallahi na ji kamar in nutse, na kuma ji kamar in hau kan mota in yi guɗa. Ɗana ne fa!

A gida, bayan Yagana ta gama kwaikwayona har da faɗuwar ɗankwali, wancan ya matso kusa ya rage murya ya ce, "Inna, ashe kin san sunana?" Na kau da kai na ce wa ya ba awaki ruwa.

Abin da na koya shi ne, in wancan zai tuƙo jirgi, in zauna gida in rufe ƙofa, in yi ihuna ni kaɗai. Sunan kuwa, in kuna jira in rubuta shi a nan, ku je ku tambayi jandarman.