Injiniyan Fanka

A shagon Alhaji na Garwa, Allah ya jiƙansa, kwamfutoci huɗu ke buɗe fayil ɗin lissafi ɗaya, ni ne kuma "injiniya". Ran nan zafi ya ishe ni, na zare filogin wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, na jona fanka. Fayil ya ƙi buɗuwa.

Na bugi ƙirji na ce, "Rezo ne, Alhaji, haɗin kwamfutocin ne ya tsinke, bar ni da shi."

Kwana biyu ina jan ciki ina canja wayoyi, ciniki ya tsaya. Sai akawunmu, Madam Marta, ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Injiniya, ba cikin wannan da ka kashe fayil ɗin yake ba?"

An rufe shagon tuni, amma har yau in ta gan ni a kasuwa, fifita take mini.