Sharhin Fim a Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar ukun Rabi ba, ko da na so in manta.

Ina da ɗan shago a Birnin Kudu inda nake tura wa mutane fina-finai a waya. Samari suna kirana Farfesa, domin duk fim ɗin da ya gagare su ni nake warware musu shi. (Gaskiyar magana, rabin bayanin ƙirƙirarsa nake yi, sai dai ina faɗa da ƙarfin hali, shi ya sa ba a musu da ni.)

A lokacin wani fim na Turawa mai juya kwanya ya shigo. Wani soja ne ake sakawa a cikin na'ura, ta riƙa jefa shi wasu duniyoyi bakwai masu kama da tamu. A wata shi ne kwamanda, a wata shi ake farauta, har ta kai yana musayar wuta da kansa. Sau huɗu na kalla, amma har yau ban san inda duniya ta biyar ta dosa ba.

Ana cikin yayinsa aka aiko min cewa Rabi, matar abokina Habu, ta rasu bayan jinyar wata biyu. Tare muka yi sakandare da Habu, yanzu yana koyarwa a wata firamare a Dingaya, can ƙasar Gwaram. Ta bar masa yara biyu. Ban samu jana'iza ba, sai ranar uku na hau babur na tafi.

Bayan la'asar muna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya. An yi addu'a an shafa, Habu ya shiga gida amsa gaisuwar mata. Sai Nasiru, ɗan kawunsa, ya sunkuyo ya raɗa min: "Farfesa, fim ɗin sojan nan da ka tura min, wallahi kaina ya kulle."

Mai hankali cewa zai yi a bari sai an tashi. Ni kuwa an sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Da raɗa na fara. Na yaba masa faɗan da aka yi a saman jirgin ƙasa yana ratsa duniya uku, da yadda marubucin bai raina hankalin mai kallo ba. Na kushe ƙarar kiɗan da take danne magana, da wani likita da ya shafe rabin fim yana bayanin na'urar amma ya ƙara dagula ta. Har tsinke na ɗauka ina zana duniyoyin a ƙasa. Wani dattijo ya yi gyaran murya sau biyu. (Na ɗauka mura ce take damunsa.) Ban san lokacin da muryata ta koma irin ta shago ba.

Na ce, "Amma ka san abin da ya fi ɓata fim ɗin? Matar sojan da ta mutu. Minti goma cur mutum yana zaune a ƙofar ɗakin asibiti, ya rungume takalminta, ko uffan. Haba! Wadda ta mutu ta mutu. Namiji ya tashi ya kama gabansa mana, matan sun ƙare ne?"

Nasiru ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo.

Na waiga. Habu ne a tsaye da farantin gumba a hannu, ƙaramar 'yarsa tana riƙe da gefen rigarsa. Dattijon da ya yi gyaran muryar kuma, ashe mahaifin Rabi ne. Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa.

Da Habu ya zage ni, da na samu sauƙi. Sai ya durƙusa ya ajiye farantin a gabana, ya ce a hankali, "Ni kuwa duk fim ɗin nan wurin kaɗai na gane. A asibiti muka kalla da ita a wayata. Ta ce in mayar da shi baya, ta sake kallo. Ta ce, 'Malam, in ta Allah ta kasance, kai ma haka za ka zauna?' Na ce ta bar irin wannan magana."

Ya matso min da farantin. "Ci sadaka, Farfesa."

Na ɗauki gumbar. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, mahaifin Rabi ya ɗaga min hannu. "Bar shi, ɗan nan. Allah ya sa ka daɗe ba ka gane wurin ba."

Ban san yadda na kawo kaina Birnin Kudu ba. Bayan sati na koma na roƙi Habu gafara. Ya ce ba komai, kuma na yarda ya yafe. Muna gaisawa, ranar Sallah yana aiko min da saƙo, amma irin hirar da muke yi da, ta awa biyu a waya muna musu a kan fim, ba mu sake yi ba.

Darasin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma ina riƙe da shi. Yanzu in na je ta'aziyya, "Allah ya gafarta" da "Amin" ne iyakar jarina. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni, agogon nake miƙawa mutum ya duba da kansa.