Ranar da Na Karɓi Amaryar Yayana da Turanci

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da aka kawo amaryar Yaya Sani gidanmu a unguwar Briqueterie ta Yaoundé ba. Yarinyar 'yar garin Kumbo ce, danginta daga yarensu sai Turanci, mu kuma Hausa da Faransanci. Dama da ƙyar mahaifiyarta ta amince da auren, wai Yaoundé ta yi nisa, wa zai riƙe mata 'ya?

Inna ta ce ni zan yi magana a madadin matan gida, tunda kullum ina cika baki na iya Turanci. (Tsakani da Allah, iyawar ba ta wuce gaisuwa ba.) Kwana uku ina shagon ɗinki, waya a jingine, wata mata a cikin bidiyo tana koyar da hanyoyin amsa magana da "to" a Turance. Ƙarar keke ta cinye bayaninta, ni dai na haddace jimlolin. Na ɗauka Turancin manyan mutane ne.

Falo ya cika, kowa a takure. Uwar amarya ta kama hannuna, idonta taf da hawaye, ta tambaye ni a hankali da Turanci ko zan riƙe 'yarta kamar ƙanwata ta ciki ɗaya. Na tsinci 'yan kalmomi, na gane tambayar sarai. Na gyara mayafi na ce, "If you insist."

Ta saki hannuna.

Na zaci ba ta ji ba ne, sai na ɗaga murya: "I suppose so." Gwaggon amarya ta miƙe ta rataya jaka. Saura jimla ɗaya a kaina, na sake ta har da murmushi: "Fine. Whatever."

Amarya ta fashe da kuka.

Inna ta mintsine ni. "Ke, me kika ce musu?"

"Cewa na yi mun karɓa hannu bibbiyu, Inna."

Hajiya Rabi maƙwabciyarmu, wadda ta yi koyarwa a Zariya kafin su dawo nan, ta matso ta raɗa mana: "Ce musu ta yi tunda sun matsa, ba yadda za ta yi. Ta ƙara da cewa su ta shafa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta ko kalle ni ba. Ta tashi da ciwon gwiwarta, ta cire mayafinta ta lulluɓe amarya, ta ce da Hausa, "Wannan 'yata ce. Waccan kuwa ku yi haƙuri da ita, haka muke fama." Hajiya Rabi ta fassara, ba ta rage ko kalma ba. Sai da uwar amarya ta daɗe tana kallona, sannan ta ja gwaggon ta zaunar da ita.

Tun ranar, duk wanda ya tambaye ni ko ina jin Turanci, sai in ce ina dai jin ana yi.