Sandunan da na rubuta a allo a Wara

Shekarar da malamar lissafi ta tafi hutun haihuwa a makarantarmu ta Wara, ni malamin tarihi na ce zan riƙe mata aji. Ai ina da manhajar nan mai amsa tambaya a waya.

Ranar farko amsa ta fito tsaf. Washegari sai ta fito da wasu sanduna a karkace, da alamar dala gaba da baya. Na ɗauka ilimin ne ya ƙara zurfi. Na kwafe su duka a allo, har ina gyara karkatarsu.

Wata ɗaliba, Hauwa, ta ce, "Malam, wagga sanda mi take yi?"

Na ce, "Ita ke tokare lissafin kada ya faɗi." Suka rubuta har da bayanina.

Mako uku muka yi a haka, jarrabawa na matsowa. Da malamar lissafin, Malama Rifkatu, ta dawo, ta daɗe tana kallon littafin Hauwa. Ta ce, "Malam, wannan ai tarkacen na'ura ne, wayarka ce ta kasa nuna lissafin." Sai da ta sake koyar da komai.

Na zama Malam Mai Sanda. Har masu kwalekwale a bakin ruwan garin kan ɗaga sandar tuƙi su tambaye ni ko ta karkace daidai.

Yanzu ina Birnin Kebbi, kowa na kirana da sunana cikin ladabi, ba kuma daɗi. Sai dai duk Sallah Hauwa kan turo min saƙo, sanda ɗaya tak a karkace. Ban taɓa goge ko ɗaya ba.