Ranar da Kwamitin Tallafi Ya Sauka a Zauren Nomau

A Tungar Marke, can bakin gulbi, akwai wani manomin shinkafa da ake kira Nomau, mutumin da ya gwammace ya kwana da yunwa da a ce baƙo ya bar gidansa bai tauna komai ba. Ko mai tambayar hanya ne ya yi sallama, sai ya sha fura kafin a nuna masa gabas. To bana gulbi ya yi ambaliya, ruwa ya shiga gidan Nomau ya yi abin da ya ga dama. Ɗakuna biyu suka zauna a ƙasa, rumbu ya narke, awaki suka tafi ba sallama. Zaure kaɗai ya tsira, don shi da bulo aka gina shi, sai wata kaza ɗaya da ta haye rufinsa ta yi kwana uku tana kallon ikon Allah. Matarsa Tabawa da 'ya'yansu biyar suka koma makarantar firamare, suna kwana a aji uku tare da wasu iyalan. Hedimasta kuwa ya riga ya faɗa da babbar murya: sati biyu ya rage a koma karatu, kowa ya nemi inda zai sa kansa.

Ana cikin haka sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa ran Talata gwamnati za ta turo kwamiti ya duba ɓarna gida gida. Duk wanda aka ga ɗakinsa a ƙasa, za a ba shi kwanon rufi bandir biyu, da siminti, da buhun hatsi. Gari ya ɗauki murna. Tabawa har da guɗa, amma da ta dubi fuskar mijinta sai guɗar ta maƙale, don ta san abin da ke zuwa.

Ta ce, "Malam, don girman Allah, ran Talata ka bar gidan nan yadda ruwa ya bar shi. Ɓarna za su zo gani."

Nomau ya ce, "Mutane su taso tun daga birni su zauna a laka? A gidana? Tabawa, ruwa ya ci ɗakina, bai ci mutuncina ba."

Tun ran Litinin ya tashi haiƙan. Ya kwashe lakar zaure, ya wanke daɓe, ya shafe shatin ruwan da ke jikin bango da farar ƙasa. Daga nan ya nufi gidan maƙwabcinsa Jibo, wanda ke kan tudu, wanda ruwa bai yi wa komai ba illa ya jiƙa masa tabarma ɗaya. Ya aro darduma, ya aro kujerun roba shida, ya aro labule, ya aro tangaran. Da ya juya zai tafi sai ya ce, "Af, Jibo, rigar nan taka ta salla fa?" Jibo mutumin kirki ne, ya ciro ta daga akwati har da hula. Shinkafa kuwa Tabawa ce ta bi aji aji tana karɓar gwangwani gwangwani a hannun mata, tana tafe tana ƙunƙuni. Kazar nan da ta gagari gulbi, ba ta gagari wuƙar Nomau ba.

Ran Talata da hantsi farar mota ta tsaya, mutum shida suka fito. Tun safe suke yawo cikin taɓo, ba wanda ya ba su ko ruwa, ko'ina suka shiga sai kuka da nuni. Kwatsam sai ga wani dattijo cikin shadda tana ƙyalli, ga turaren wuta na tashi, ga darduma a shimfiɗe, yana ta "Marhabin, marhabin, bismillah, ku shigo!" Shugaban kwamitin, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabarau, ya faɗa kujera ya yi ajiyar zuciya. Magatakarda ya buɗe fayil.

Shugaba ya ce, "Baba, ya muka ji da ruwa?"

Kowa a ƙasar nan ya san amsar wannan gaisuwa, ko a barci aka tashe shi. Nomau ya ce, "Ruwa ya yi gyara, ranka ya daɗe."

"Ya iyali?"

"Lafiya lau suke."

"An yi asara da yawa?"

"Alhamdulillahi, da sauƙi."

Magatakarda dai rubutu yake yi. Nomau ya ga alƙalami na gudu, daɗi ya kama shi, a ransa ya ce lallai yaron nan yana rubuta bandir biyu ne. Labulen Jibo kuwa na rataye a ƙofar shiga cikin gida, ya rufe kangon ɗakunan ruf. Baƙi maza ba sa wuce zaure sai mai gida ya ce bismillah, shi kuma mai gida ya ƙudura sai sun ci sun ƙoshi tukuna. Aka kawo shinkafa da miyar kaza. Wallahi sun yi mata adalci. Shugaba ya ɗauki cinya, direba ya tauna ƙashi har sai da ya ba Nomau tausayi, aka suɗe tangaran aka bi da zoɓo mai sanyi.

Nomau ya miƙe zai ɗaga labule ke nan, shugaba ya duba agogo ya zabura. "Kai! Gida arba'in ya rage mana. Baba, Allah ya ƙara arziki. Da kowa irinka ne, da aikinmu ya yi sauƙi."

"Ranka ya daɗe, ai cikin gidan..."

"Haba, ba sai mun takura wa iyali ba. A gaishe su!"

Kunya ta hana shi riƙe rigar baƙo. Ya raka su har mota, yana ɗaga hannu.

Gida na gaba na Jibo ne. Suka tarar da shi zaune a tsakar gida a kan turmi, daga shi sai singileti, ɗaki fayau ba darduma, ba kujera, ba labule, ga tabarma ɗaya shanye a kan danga. Shugaba ya ce, "Subhanallahi! Bawan Allah, ina kayanka?" Jibo ba ya ƙarya. Ya ce, "Duk sun fita, ranka ya daɗe, tun jiya." Aka ce har idon magatakarda sai da ya kawo ruwa.

Bayan kwana biyar aka liƙa sunaye a bangon makaranta. Jibo ne na ɗaya. Nomau ya sa aka karanta masa takardar daga sama zuwa ƙasa, aka sake daga ƙasa zuwa sama, har ya sa aka ɗaga ta a duba bayanta. Babu shi. Gari ya kwashe da dariya, masu shayi suka samu abin hira na wata guda. Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa allon aji uku ta ce, "Sati guda ya rage. In yara sun dawo sai ka ce musu ruwa ya yi gyara." Wannan magana ta soke shi, don ya san gaskiya ce, kuma ya san shi ya jawo.

Washegari ya sa tsohuwar rigarsa mai shatin laka, ya hau bayan a-kori-kura zuwa sakatariya. Ya yi sa'a ya samu shugaban a ofis. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa bai gane shi ba, sai da Nomau ya ce Tungar Marke, zaure mai darduma.

"Au! Baba mai kaza! Me ya same ka haka?"

"Abin da kuka zo dubawa, ranka ya daɗe."

Ya kwashe labari duka ya faɗa, tun daga rigar aro har gwangwanayen shinkafa. Shugaba ya sa aka kawo fayil ya karanta masa: "Magidanci ya ce ruwa ya yi gyara. Iyali lafiya. Gida cikin wadata." Ya cire tabarau ya ce, "To Baba, da bakinka fa ka faɗa."

"Gaisuwa kuka yi min, na amsa. Da wa aka taɓa gaisawa ya ce ɗakina ya faɗi?"

Shugaba ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya gyara murya irin ta manya. "Ba komai. Doka ita ce ba a ba da kwano sai an gani da ido. Ran Alhamis za mu dawo, mu shidan nan. Ka gaya wa uwargida, wallahi har yau yaran nan suna zancen miyarta."

Nomau ya tuna ba sauran kaza a gidansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a fara ba ni kwanon tukuna. Gidana ba zai ɗauki ambaliya ta uku babu rufi ba."

Shugaba ya ɗaga gira. "Ta uku kuma? Ai sau ɗaya ambaliya ta shiga garinku."

Nomau ya ce, "Ta ruwa ce sau ɗaya, ranka ya daɗe. Ta biyun a farar mota ta zo."